Kurakuran da ake yi wajen sauraron faifan The Dark Side of the Moon, da yadda za a gyara su

Mutane da dama sukan ce sun saurari wannan faifai na ƙungiyar Pink Floyd amma bai shige su ba. In ka bi diddigin yadda suka saurare shi, nan za ka ga inda gizo ke saƙar. Faifan ya fito a watan Maris na 1973, an ɗauke shi a sitidiyon Abbey Road da ke Landan, kuma ya shafe sama da makonni 700 a jerin faifan da aka fi saye a Amurka. Abin da ya daɗe haka a hannun jama'a ya cancanci a ba shi kunne yadda ya kamata kafin a yanke masa hukunci.

Babban kuskure, wanda sauran duk suke ratayuwa a jikinsa, shi ne a tsinci waƙa ɗaya a bar saura, ko a bar waya ta riƙa jefo su a hargitse. Waƙoƙi goma ne a faifan, tsawonsu duka kusan minti 43, amma ba a gina su don kowace ta tsaya da ƙafarta ba. Wutsiyar wannan ita ce kan waccan. Faifan yana buɗewa da bugun zuciya a "Speak to Me", sai ƙarar agogo da ta kuɗi da dariya da kururuwa su taru su kumbura, su fashe cikin sanyin "Breathe". Wanda ya fara daga "Breathe" kai tsaye ya rasa wannan sauƙin da ake ji a ƙirji. Tun a 1972 makaɗan huɗu, Roger Waters da David Gilmour da Richard Wright da Nick Mason, suke kaɗa shi a gaban jama'a a jere, kafin ma su gama ɗaukarsa. Gyaran mai sauƙi ne: ware minti 43, ka kashe tsalle-tsallen waya, ka fara daga farko. In dole ne ka huta, huta bayan waƙa ta biyar, domin a nan ne masu faifan garmaho suke tashi su juya shi.

Sai lasifikar waya. Wannan ƙaramar huda ba ta iya ɗaukar kaurin jitar Waters, kuma takan cure hagu da dama wuri guda. A "On the Run" akwai takun mutum yana gudu yana haki, yana ƙetarawa daga wannan kunne zuwa wancan. A ƙarƙashin kiɗan kuma akwai muryoyin mutanen da aka yi wa tambayoyi a sitidiyo a kan mutuwa da faɗa da hauka, har da mai gadin ƙofar Abbey Road. Duk wannan yakan ɓace a lasifikar waya. Ko iyafis mai araha ya fi, muddin kunnuwan biyu suna aiki.

Rashin haƙuri ma yana cutar da mutane, musamman a "Time". Agogai sukan kaɗa gaba ɗaya su razana ka (injiniyan faifan, Alan Parsons, shi ya naɗo ƙararsu a wani shagon tsofaffin kaya), daga nan sai a yi kusan minti biyu ba wanda ya buɗe baki, sai gangunan Mason suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya a kan ƙas-ƙas mai kama da tafiyar agogo. Da yawa sukan ja gaba su nemi inda murya ta shigo. To, waƙar a kan mutumin da ya yi ta jira har shekaru suka wuce shi take, kuma jiran nan da aka sa ka yi yana cikin saƙon. A ganina nan ne wuri mafi kyau a faifan baki ɗaya, kuma shi aka fi tsallakewa.

Wasu kuma sunan faifan da hoton bangonsa, inda farin haske ke ratsa gilashi mai kusurwa uku ya fito launi-launi, sukan sa su zaci labarin sararin samaniya ne. Waters, wanda ya rubuta baitocin duka tun bai kai shekara 30 ba, yana magana ne a kan abubuwan da ke danne ɗan Adam a nan doron ƙasa: gudun lokaci, kwaɗayin kuɗi, yaƙi, tsoron mutuwa, da taɓin hankali. Na ƙarshen ba daga nesa suka hango shi ba. Syd Barrett, wanda ya fara jagorantar ƙungiyar, ya bar ta a 1968 bayan hankalinsa ya samu matsala, kuma inuwarsa tana kan "Brain Damage". Saboda haka nemi baitocin ka karanta sau ɗaya, Turancinsu ba mai wuya ba ne, sannan ka ajiye su ka koma ga kunne.

Kada kuma karatun baitoci ya sa ka raina inda babu su. "The Great Gig in the Sky" ba ta da baiti ko ɗaya da aka rera, kuma akan ji masu cewa ai ihu ne kawai. Clare Torry ce ta yi ta a Janairun 1973, a kan fiyanon Wright, aka biya ta fam 30. Bi muryarta daki-daki: tana farawa da firgici da turjiya, ta hau har kamar maƙogwaro zai tsage, sannan a hankali ta sauko ta yi laushi kamar wadda ta sallama. Duk wanda ya taɓa zama a gidan rasuwa zai gane wannan hawa da sauka ba sai an fassara masa ba. Sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka sasanta aka sa sunanta tare da na Wright a matsayin waɗanda suka tsara waƙar, kuma hakan ya dace ƙwarai.

A "Money" kuwa, mutum yakan so ya kaɗa ƙafa sai ya ji tana harɗewa, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Kiɗan da aka saba ji bugu huɗu-huɗu yake tafiya, wannan kuwa bakwai-bakwai. Ƙirga tare da ƙarar sulalla da akwatin kuɗin kanti da ke buɗe waƙar, ɗaya zuwa bakwai, ka sake. Busan saksofon na Dick Parry yana kan bakwai ɗin, amma da jitar Gilmour ta karɓa sai kiɗan ya koma huɗu, ya miƙe ya saki jiki, kafin a dawo bakwai. Da zarar ka kama wannan canjin da kunnenka, waƙar ta zama wata sabuwa.

Akwai masu yaɗa cewa sai an sha wani abu ake jin daɗin irin wannan kiɗa. Ba gaskiya ba ne. Aikin da aka yi wata da watanni ana jera shi sauti bisa sauti, kai mai wartsake yake buƙata.

Wanda ya ji faifan ya gamsu kuma, kada ya ɗauka ya gama da salon da Turawa ke kira progressive rock, wato kiɗa mai dogayen waƙoƙi masu sarƙaƙƙen tsari. Wannan na cikin masu sauƙin shiga ne. Daga nan sai ya nufi Wish You Were Here na 1975, inda ƙungiyar ta yi wa Barrett doguwar waƙa ta raba ta biyu, rabi a farkon faifan rabi a ƙarshe, ko Close to the Edge na ƙungiyar Yes, na 1972, wanda waƙa ɗaya ta minti 18 ta cinye fuskar faifan guda.