Yadda Ake Tantance Masu Ruwa da Tsaki a Aiki da Sanin Wanda Za a Fifita

Duk wanda aka damƙa wa jagorancin aiki a birnin Kano, ko gina magudanar ruwa ne a Kurna ko gyaran rumfuna a Kantin Kwari, ya kamata ya rubuta duk wanda aikin zai shafa da duk wanda zai iya kawo masa cikas, tun kafin a sauke tifar yashi ta farko. A aikin magudana, jerin zai ƙunshi mai ba da kuɗi, da ɗan kwangila, da hukumar tsara birane ta KNUPDA, da ƙaramar hukuma, da mai unguwa da dagaci, da limamin layin, da masu shagunan da za a haƙa rami a ƙofarsu.

Daga nan sai a auna kowa da tambayoyi biyu: wane iko yake da shi na tsayar da aikin, kuma yaya aikin ya dame shi? Mai iko wanda aikin ya dama, kamar mai ba da kuɗi, ba a yanke babban hukunci sai an zauna da shi. Mai iko wanda hankalinsa ba ya kan aikin, a cika masa sharuɗɗansa a kan kari. Wanda ba shi da ko ɗaya, sanarwa ta wadatar.

Rukunin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na waɗanda aikin ya dama ƙwarai amma ba su da muƙami. Mai shago ɗaya ba zai iya hana haƙa ba, amma idan masu shaguna suka haɗa kai suka kai kuka wajen dagaci, ko suka shiga gidan rediyo, a rana guda sai su koma sahun gaba. Haka kuma matan da ke cikin gida, waɗanda ruwa ke shiga ɗakunansu, ba kasafai suke halartar taron ƙofar gida ba, saboda haka sai an tura mace ta shiga ta ji ta bakinsu.

A shekarar 1997 masana uku, Mitchell da Agle da Wood, sun ba da shawarar a duba abu uku: iko, da halaccin buƙata, da gaggawarta. Gaggawar ce ke sauya matsayin mutum. Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ba ta da alaƙa da aikin sai ranar da za a rufe titi, kuma koken mazauna layi a watan Janairu ba daidai yake da kokensu a Agusta ba, lokacin da damina ta kankama. Don haka a sake duba jerin a kowane mataki.

Kada a bari takardar ta yi yawo, domin babu mai son ganin sunansa a sahun ƙarshe. A kuma rubuta wanda zai yi magana da kowa: ba a aika yaro da wasiƙa wajen dagaci, shugaban aikin ne zai je da kansa tare da mai unguwa.