Kurakuran masu ƙananan masaukai wajen amsa sharhin baƙi a intanet

Na gaji da ganin sababbin masu masauki suna faɗawa ramin da na faɗa. Mafi muni a ciki shi ne amsa ƙorafi da zafin rai.

Wani dare wani baƙo ya ba mu tauraro 1 a Google, ya ce ruwan zafi bai zo a banɗakinsa ba kuma ba wanda ya kula shi. Ya yi ƙari, domin ni da kaina na sauya masa ɗaki. Ban jira gari ya waye ba, na zazzage masa abin da ke cikina, har da lambar ɗakinsa da ƙarfe nawa ya dawo. Google kan sanar da mai sharhi idan an amsa masa, sai ya dawo ya gyara nasa, ya ninka tsawonsa. Bayan wata biyu wata baiwar Allah da ta kama ɗakuna uku ta kira ta fasa. Ta ce maganar ruwan ba ta dame ta ba, amsata ce ta tsorata ta. Har yau abin na ci mini rai.

Ku ji ni da kyau: mai ƙorafi ya riga ya tafi. Wanda zai karanta amsarka shi ne baƙon da ke riƙe da waya yana neman inda zai kwana. Yanzu a takarda nake fara rubutawa, in kwana a kanta, da safe in ba ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ta duba. Jimla uku ke saura: ban haƙuri, abin da muka gyara, da yadda zai same ni kai tsaye. Sirrin baƙo kuwa ba ya fita bakina ko da ni ke da gaskiya.

Na biyu, sa 'yan uwa da ma'aikata su rubuta yabo. Haba! Sharhi 10 a rana ɗaya, duk tauraro 5, daga mutanen da ba su taɓa yi wa ko'ina sharhi ba, wa kuke zaton zai ruɗu? Ƙa'idar Google ta hana wannan, ta kuma hana ba da rangwame don a yabe ka, kuma tana iya goge su. A Amurka ma, tun 2024 hukumar FTC mai kula da harkar kasuwanci ta haramta saye da sayar da sharhin bogi. Ni dai baƙon da ya zo miƙa makulli nake roƙa ya rubuta sharhi, kowa da kowa, ba sai mai fara'a ba.

Amsa iri ɗaya ga kowa, ana ganewa. Yin shiru ga wanda ya yaba, rashin godiya ne. Kada ka ɓata lokaci neman goge sharhi a Google don bai yi maka daɗi ba, iyakarka ka kai rahoto idan ya karya ƙa'ida. A Booking.com, shafin kama ɗaki a intanet, kuwa sai wanda ya kama ɗaki ta wurinsu ke ba da maki, daga 1 zuwa 10, don haka idan mutum uku sun ambaci ƙarar famfo ɗaya, ajiye wayar ka kira mai gyara.