Darasi na 9: Zuwa gidan abinci da yaron da jikinsa baya karɓar wani abinci

Wannan darasin na iyayen da suke da yaro ne wanda akwai abincin da in ya ci jikinsa yake tashi, kuma ko kai naka lafiyarsa ƙalau ka karanta, dan wata rana za'a iya baka ɗan wani ka fita da shi.

Da farko mu raba abu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai yaron da cikinsa ne kawai baya iya narkar da wani abinci, misali madara, in ya sha sai cikin ya kumbura yayi ta ƙugi ko ya kama zawo, wannan yawanci sinadarin da yake narkar da sukarin cikin madara ne yayi masa ƙaranci, zai sha wahala amma ba kasafai abin yake kaiwa ga rai ba. Akwai kuma mai aleji, shi wannan garkuwar jikinsa ce take ɗaukar abincin kaman wani makiyi sai ta tashi faɗa, kuma ɗan abin da ko ido baya gani ya isa ya tayar da ita. Shi ne wanda zamu fi tsayawa a kansa. Akwai na uku ma, masu cutar siliyak, waɗanda sinadarin gulutin da yake cikin alkama da sha'ir yake lalata musu hanji a hankali, su ma ba'a musu "ɗan kaɗan ba komai".

Abincin da suka fi kawo aleji sanannu ne. A Amurka doka ta lissafa guda 9: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, gyaɗa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu da almon, alkama, waken soya, sai riɗi da aka ƙara daga farkon 2023. Ƙasashen Tarayyar Turai nasu 14 ne, kuma tun Disamba 2014 dole ne gidan abinci a can ya iya faɗa maka ko akwai ɗaya daga ciki a abin da ya dafa. A Ingila sai da wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Natasha ta rasu a 2016 bayan ta ci burodin da aka sa riɗi a ƙullinsa ba tare da an rubuta a jikin ledar ba, sannan aka tsaurara doka a Oktoban 2021. To amma ƙasashe da yawa basu da irin wannan dokar kwata-kwata, kuma ko inda take, doka bata shiga kicin ta wanke wuƙa, dan haka aikin yana wuyanku ne iyaye.

Ni a ganina babban abin da yake jefa yara cikin haɗari a gidan abinci shi ne kunyar iyaye. Uwa zata zauna tana jin nauyin ta cika tambaya kar ace ta fiye fitina ko iyayi, uba kuma yana gani kaman raini ne yace a kira masa mai girki, sai a kawo faranti a duba da ido ace ai babu gyaɗa a ciki, alhali abin yana cikin man da aka soya ko miyar da aka zuba. Ku ajiye kunyar nan a gida.

In da hali ku kira wajen tun kafin ku fita, ku tambaya ko zasu iya, kuma ku zaɓi lokacin da babu cunkoso dan in kicin ya cika da oda kowa na gudu ba mai tsayawa ya canza cokali saboda ɗanka. Da kun zauna, kafin ma a fara zancen me za'a ci, ku faɗa. Ga misali ku karanta shi biyu-biyu, ɗaya ya zama uwa ɗaya mai kawo abinci:

"Sannu da aiki ɗan'uwa. Yaron nan nawa yana da alejin ƙwai, ko kaɗan ya shiga bakinsa sai asibiti. Dan Allah wannan kazar da me aka soya ta?"

"Ai Hajiya kaza ce kawai, ina ga babu ƙwai."

"Dan Allah taimaka ka tambayo mai girki, ko ka kira min shi. An tsoma ta cikin ƙwai kafin a barbaɗa mata fulawa? Kuma man da aka soya ta an soya wani abu a ciki?"

Kun lura da kalmar "ina ga"? Duk wanda ya ce muku ina ga, ko ina jin, ko ai bama sawa yana murmushi yana kallon wani tebur, to bai sani ba, kuma ba laifinsa bane shi ba shi ya dafa ba. In an rasa wanda zai baku amsa tsayayya ku tashi ku canza waje, ko yaron ya ci abin da kuka taho masa da shi daga gida, shi yasa yana da kyau kullum a saka wani abu a jaka.

Inda aka fi samun matsala shi ne taɓawar da abinci yake yi da wani abincin a kicin. Tukunyar suya ɗaya ce aka soya jatan lande aka zo aka soya dankali, katakon yanka ɗaya, wuƙar da aka shafa man gyaɗa da ita aka goge da tsumma aka yanka burodi. Wuta bata kashe wannan abin, ba ƙwayar cuta bace balle ace zafi zai ƙone ta, gyaɗar da ta dahu tana nan da ƙarfinta. Haka in an kawo faranti da abin a sama kar ku yarda a tsince a dawo muku da shi, sai dai a sake sabo a wani farantin. Wajen da ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa kuwa gara ku haƙura, dan cokalin wannan kwano yanzu zaka ganshi a wancan. Kayan zaƙi su ma a yi hattara, kek da ayis kirim da cakulet, sau tari ba'a wajen ake yinsu ba dan haka ko mai girkin bai san me ke ciki ba. Mayonis da ƙwai ake yinsa, mutane suna mantawa. Abinci mara haɗe-haɗe da yawa, wanda zaka iya ƙirga abin da ke cikinsa, ya fi kwanciyar hankali.

Ku goge tebur da kujerar yaro da tishu mai jiƙa, ku wanke masa hannu da ruwa da sabulu. Sanitaiza bata cire gyaɗa daga hannu.

Yanzu in duk da haka abu ya faru fa? Alamu suna zuwa ne cikin mintuna, wani lokacin har zuwa awa 2. Borin jini, ƙaiƙayin baki, kumburin leɓe ko ido, amai. Ƙaramin yaro bazai ce maka maƙogwarona yana rufewa ba, zai ce harshensa yana masa zafi ko abincin yana da yaji, ko kaga yana ta sosa wuya yana jan kunne. In kuwa muryarsa ta dishe, ko yana tari ba ƙaƙƙautawa numfashi yana fita da ƙara, ko harshe ya kumbura, ko yayi laushi yayi fari fat kaman zai suma, to wannan shi ne mai tsananin da likitoci suke kira anafilaksis, kuma maganinsa na farko allurar adiranalin ce. Akwai wadda ake yinta kaman biro, irin su EpiPen, ana dannawa a gefen cinya ta waje ko ta kan wando ne. Likita ne yake rubutawa gwargwadon nauyin yaro, yawanci 0.15 mg ga mai kilo 15 zuwa 30, sai 0.3 mg ga wanda ya haura haka. A yi allurar tukuna sannan a kira motar asibiti, kar a tsaya jira a gani ko zai lafa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne yake masa wuya a barshi ya zauna, amma kar a miƙar da shi tsaye ko ace ya taka zuwa mota. In minti 5 ya wuce babu sauƙi a yi ta biyu, shi yasa ake yawo da guda biyu, kuma a jikinku zasu kasance, ba a mota cikin rana ba. Maganin ƙaiƙayi na sha yana rage borin jini ne kawai baya buɗe numfashi. Ko yaro ya warware ya fara wasa sai an je asibiti, dan abin yakan dawo bayan wasu awanni, musamman a kula da yaron da yake da asma.

Aikin gida: kowa ya samo ƙaramin kati ya rubuta da manyan baƙi sunan abincin da yaron baya ci, a ƙasa ya rubuta "Dan Allah a yi amfani da tukunya da wuƙa da man da basu taɓa wannan abincin ba", sai lambar wayarsa. Ku kawo darasi mai zuwa mu duba rubutun tare, sannan kowa zai tashi ya gwada miƙa katin yana bayani da bakinsa.