Masu tsinto tsofaffin littattafan kwamfuta a Jidda, ku daina wannan ɓarna

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga samarinmu masu zuwa Haraj Sawarikh, kasuwar gwanjon Jidda, neman tsofaffin kayan kwamfuta, bari in rubuta kowa ya huta.

Sai ka ga yaro ya samu Sakhr, kwamfutar gidan nan samfurin MSX da kamfanin Al Alamiah na Kuwait ya sa wa Larabci a shekarun 1980, ya biya ya rungumi injin, littafinsa na Larabci mai koyar da BASIC, yaren rubuta wa kwamfuta shiri, kuwa yana ƙasan kwali ya bar wa motar sharar baladiyya. Haba ɗan'uwa! Na Turanci irin su Turbo Pascal da dBase sun cika intanet, na Larabcin nan ne in ya tafi da wuya ka sake ganinsa.

Amma abin da ya fi ƙona min rai hoto ne. Wani ƙanena ya samo littafi cike da shirye-shiryen wasanni, irin waɗanda ake kwafa a buga wa kwamfuta da hannu, ya ɗauke shi da waya cikin dare, ya turo min ta WhatsApp, ya jefar da littafin wai ai an adana. An adana me? WhatsApp matse hoto yake, ga layukan DATA na cikin shirin lambobi ne zalla a jere da waƙafi, 8 ta koma B, 0 da O ba bambanci, 1 da l sai Allah. In labari ne ka cinki kalmar ka wuce, nan kuwa lamba ɗaya ta kuskure sai injin ya sandare, kuma ba inda za ka koma ka duba, wallahi har yau wasannin nan ba su tashi ba. Ni yanzu sikana nake sawa a 600 dpi don hoton ya fito tar, in buga shiri ɗaya a openMSX, manhajar da ke kwaikwayon MSX, in ga ya yi aiki, kuma duk da haka littafin ba ya barin gidana.

Sai masu ƙulle littafi a leda. Danshin Jidda kuke kullewa ciki, fumfuna ta cinye takarda. Kwali nake sawa, a ɗaki mai mukayyif, wato AC, sama da ƙasa sosai, wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 ba sai an yi masa bayani ba.

Salatif kar ya taɓa shafi, rawaya yake bari. Kaset ko faifan da ya zo da littafi a bar su tare. Rubutun biro na gefen shafi ma kar a yanke shi wajen sikanin, sau da yawa gyaran kuskuren maɗaba'a ne mai littafin ya yi.