Yadda ake koyon kare kai a Katsina: a fara da faɗuwa kafin naushi

Duk saurayin da ya zo koyon kare kai, abin da yake so tun ranar farko shi ne shuri irin na fim, ƙafa ta kai kunnen mutum. Ni kuwa ba na yarda a ɗaga ƙafa sama da gwiwa sai an yi wata guda ana abubuwan da zan faɗa a nan. Faɗan titi daban yake da na filin wasa. Kauraye, wato 'yan daba, ba su cika zuwa su kaɗai ba, ba sa zuwa hannu rabbana, kuma babu alƙalin da zai raba.

Da farko gyara numfashinka. Da an sallame Asuba ka fita gudu, ko wajen filin wasa na Muhammadu Dikko ko filin makarantar unguwarku. Doguwar sassarfa tana da amfani, amma abin da ya fi shi ne gudun mita ɗari da iya ƙarfinka, ka huta minti ɗaya, ka sake, kamar sau biyar. Irin gudun da zai fid da kai daga lungu ke nan. A watan Afrilu da Mayu, da zafi kan haura digiri 40, kada ka kuskura ka yi da rana. Wani lokaci kuma ka gwada da kayan da kake sawa kullum, doguwar riga da silifas, mace kuma da hijabinta, domin ba a cikin takalmin wasanni za a tare ka ba.

Sai zaɓen abin da za ka koya. A wurina judo ko kokawa ne farko, babu ja. Rikicin titi nan da nan yake komawa cakumar kwala da tureriya. Taekwondo wasa ne mai kyau, da shi Chika Chukwumerije ya ciwo wa Najeriya tagulla a gasar Olympics ta Beijing a 2008, sai dai ƙarfinsa a shuri yake, shuri kuwa yana barin ka a kan ƙafa ɗaya. Dambenmu na gargajiya yana koya wa mutum auna tazara da jure duka, hannu ɗaya naɗe da kara, ɗayan yana garkuwa, amma ana shan bugu a kai fiye da yadda sabon shiga yake buƙata. Kada ka yi saurin sayen farar rigar horo, tsohon wando mai ƙwari ya isa. Kuɗin ka sayi robar kare haƙora. Malamin da ya yi maka alkawarin baƙin bel, alamar ƙwarewa, cikin wata shida, kuɗinka yake so.

Yanzu faɗuwa, inda sababbi suke jin ciwo su daina zuwa. A judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, ita ake fara koyarwa kafin a nuna wa mutum yadda ake kayarwa. In an ture mutum, jikinsa da kansa yake miƙa tafin hannu ya tokare ƙasa, nauyinsa duka ya sauka a wuyan hannu. Nan ake samun karaya ko gocewar kafaɗa. Wanda bai tokare ba kuma ƙeyarsa ce ke bugun kwalta, wannan ya fi muni.

Nemi tsofaffin katifu biyu ko tulin yashi mai laushi. Kwanta rigingine, ka manna haɓa da ƙirji har kana kallon cibiyarka, ka buga ƙasa da hannu biyu a miƙe, tun daga tafi har dantse, a ɗan ware daga jiki. Kada gwiwar hannu ta riga sauka. Fitar da numfashi daidai lokacin bugun. Yi wannan kwana uku. Sannan ka yi daga zaune, kana mirginawa baya da bayanka a lanƙwashe kamar ƙwarya. Bayan mako ka koma daga tsugune. Daga tsaye shi ne ƙarshe, kuma nan ne masu gaggawa suke tsallakawa tun rana ta biyu saboda abokai na kallo. Ma'aunin ɗaya ne: in ƙeyarka ta taɓa katifa ko sau ɗaya cikin goma, koma matakin baya. Haka za ka bi ka koyi faɗuwa ta gefen dama da na hagu.

Tashi ma sai an koya. Kada ka kifa ciki ka ba mutum baya. Hannu ɗaya ya dafa ƙasa ta baya, ɗayan ya kare fuska, ka janye ƙafa ɗaya baya ka miƙe kana kallonsa.

Ƙwace riƙo ba shi da wuya. In an kama maka wuyan hannu, murɗa ta wajen babban yatsansa ka fizge, nan ne riƙon ya fi rauni. In ta baya aka rungumo ka, sauke nauyinka ƙasa, ka taka masa ƙafa da dunduniya. In sai ka yi duka, yi da gindin tafin hannu a hanci ko haɓa, domin dunƙulallen hannun da bai saba ba ƙasusuwansa ke karyewa. Duka ɗaya ko biyu, ka kwarma ihun ɓarawo, ka nufi inda haske da mutane suke, teburin mai shayi ko ƙofar masallaci. Doka ta yarda ka kare kanka daidai gwargwadon barazanar, ba ta yarda ka bi wanda ya juya da gudu kana jibga ba.

In kuwa an zaro wuƙa, duk abin da ka koya ajiye shi, har da maganin ƙarfen da wani ya ba ka. In wayarka ake so, jefa ta gefe ka bi ɗaya gefen. Da ka tsira ka ari waya ka sa banki ya rufe asusunka, a toshe layin, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa.