Darasi Na Shida: Batirin Sola, Aunawa da Kulawa

Farantin sola da rana kaɗai yake ba da wuta. Da magariba ta yi aikinsa ya ƙare, sai abin da aka tara a batir. Ku ɗauki batir kamar randa: faranti yana ɗebowa yana zubawa da rana, mutanen gida suna kamfata da dare. Faranti mai kyau yakan wuce shekara 20 yana aiki, amma batir, wanda ya fi komai cin kuɗi, yana iya mutuwa cikin shekara ɗaya idan aka wulaƙanta shi.

A kasuwa za ku tarar da na ruwa, wanda ake kira tubula, da busasshe wanda ba a buɗewa, da na litiyom. Batirin mota ba ya cikin lissafi. An yi shi ne don ya ba da ƙarfi lokaci guda ya tayar da inji, ba don a riƙa tatsarsa har asuba ba.

Karanta rubutun jikin batir

Za ku ga an rubuta, misali, 12V 200Ah. Lambar farko ƙarfin turawar wuta ce, ana kiranta bolt. Ta biyu kuwa girman cikinsa. A ninka su: 12 sau 200 ya ba da 2,400. Ma'ana, yana ɗauke da wutar da za ta riƙe kayan wat 240 na awa 10. To amma batirin ruwa da busasshe rabin cikinsu kawai ake ci. Naku 1,200 ne, sauran na batir ne, da shi yake rayuwa. Wanda ke ƙwaƙule shi kullum har inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta yi kuka ta ɗauke, shi ne ke cewa an sayar masa da jabu, alhali da hannunsa ya kashe shi.

Ga lissafin wani gida a Jega. Ƙwan fitila 4 masu wat 10, awa 6, ya kama 240. Fanka ɗaya mai wat 60, awa 8, ya kama 480. Talabijin mai wat 50, awa 4, ya kama 200. Cajin wayoyi, a sa 40. Jimla 960. Ita ma inbata tana cin nata, don haka a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya zama kusan 1,150. Batir ɗaya ya ishi gidan nan, amma da ƙyar. Ranar da aka ƙara fanka ta biyu, sai batir na biyu. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa, cikin awa ɗaya zai kusan cinye rabon dare gaba ɗaya. Mai sayar da ƙanƙara ko zoɓo ya kunna firiza da hantsi, lokacin da faranti ke kawo wuta, ya kashe da la'asar sakaliya, ya rage buɗe murfi.

Haɗawa

Idan inbata ta 24V ce, batir biyu ake jerawa: kan da ke da alamar + na wannan zuwa kan da ke da alamar − na wancan. Bolt ya zama 24, ciki yana nan 200Ah. Idan aka haɗa + da +, − da −, bolt yana nan 12, ciki ya zama 400Ah. Su kasance iri ɗaya, girma ɗaya, sayen lokaci ɗaya. Tsoho da sabo ba sa zama tare, tsohon zai ja sabon ƙasa.

A fara haɗa batir da kwantarola, wato na'urar da ke daidaita cajin da faranti ke turo wa batir, sannan faranti. Wajen kwancewa a fara cire faranti. A sa fiyus kusa da batir, a yi amfani da waya mai kauri, domin siririya zafi take yi har ta narke. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a taɓa, kuma kada a ɗora sifana a kan batir.

Zafi da ruwa

Nan ne matsalar ƙasarmu take. Masu ƙera batir suna auna ƙarkonsa a zafin digiri 25, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu, a Birnin Kebbi ko Gusau, zafi yakan haura 40. Duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanan batirin ruwa. Shagon kwano da aka rufe da azahar tanda ce. A nema masa wuri mafi sanyi a gida, mai taga, inda rana ba ta dukansa. A ɗora shi kan katako, a bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin batir da batir. Kada a sa na ruwa a ɗakin kwana, ko kusa da murhu ko mai shan taba, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji.

A duba ruwansa duk wata, da bazara duk mako biyu. A kan murfin tubula akwai ɗan tsinke a cikin roba mai gani, yana hawa yana sauka da ruwan. Idan ya kusa jan layi, a bari batir ya cika da caji, sannan a ƙara tataccen ruwan batir har tsinken ya kai koren layi. Ban da ruwan rijiya, na burtsatse ko na leda, gishirin cikinsu yana lalata farantan dalma da ke cikin batir. Ban da ƙara asid kuma, ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Idan ya fantsama a jiki ko ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, na ido a garzaya asibiti. Farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir, a goge shi da tsumma da ruwan kanwa ba tare da ya shiga ciki ba, a ƙara ɗaure noti, a shafa basilin.

Ƙaramar mita tana gaya muku gaskiyar batir. A kashe komai, ya huta 'yan awanni, a auna. Ga batir mai 12V, kusan bolt 12.7 a cike yake, 12.2 rabi, ƙasa da 12 an zarce. Batirin da ya kwana biyu babu caji, wani tauri yana kama farantan cikinsa, ba ya sake ɗaukar wuta kamar da. Shi ya sa lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar faranti da sassafe, a watan Agusta kuma, idan hadari ya rufe rana, a rage kaya.

Na litiyom ba a ƙara masa ruwa, kuma ana iya cin kashi 80 cikin 100 na cikinsa. Mai 51.2V 100Ah yana ɗauke da 5,120, a ci wajen 4,000. Tsadarsa a farko take, amma ya fi ƙarko nesa ba kusa ba. Sai dai a tabbata mai haɗawa ya saita inbata a kan litiyom, kuma a yi hattara da wanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati.

Mataccen batir

Cikin batirin ruwa da busasshe dalma ce. Mutanen Zamfara sun san gubarta: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan gubar. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a narka cikinsa, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko turken dabbobi, kada a mayar da akwatinsa mazubin ruwa ko hatsi. A ajiye shi a tsaye inda yara ba sa kaiwa, a kai wa dillalin batir, yawanci sukan saya ko su rage kuɗin sabo.