Kurakuran da ake yi wajen lissafin wa'adin haƙƙin ƙirƙira

Kusan duk mai ƙirƙira ya haddace cewa takardar haƙƙin ƙirƙira (patent), wadda ke hana wasu amfani da abin da ka ƙirƙiro ba da izininka ba, tana shekara 20, kamar yadda yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tanada. Inda ake tuntuɓe shi ne ranar fara ƙirga. Daga ranar da ka shigar da buƙata ake lissafi, ba ranar da aka miƙo maka takarda ba. In ka shigar a 2020, ofishin da ke ba da takardar ya shafe shekara 4 yana bincike, a 2040 wa'adin zai cika, saura maka shekara 16 ke nan. Tsohon tsarin Amurka na shekara 17 daga ranar bayarwa ne ke ruɗar wasu, alhali tun Yunin 1995 aka sauya shi.

Kuskuren da ya fi ciwo, a ganina, shi ne manta kuɗin sabuntawa. Mutum ya sha wahalar zane da gwaji da kuɗin lauya, sai ranar biya ta wuce shi, haƙƙin ya mutu tun bai kai rabin wa'adinsa ba. A Amurka sau uku ake biya: bayan shekara 3 da rabi, 7 da rabi, da 11 da rabi daga ranar bayarwa. A Turai kuwa duk shekara ne, kuma kuɗin na hauhawa. Yarjejeniyar Paris kan kare haƙƙin ƙirƙira ta ba da ƙarin lokacin biya na aƙalla wata 6, galibi da tara a kai, amma kada ka jingina da shi. Rubuta ranakun tun ranar da takarda ta zo hannunka, kuma ka sanar da ofis ko wakilinka duk lokacin da ka sauya adireshi, don tunatarwa ba ta bin wanda ya tashi.

Wasu kuma na zaton ana ƙara wa'adi ga duk wanda ya roƙa. Ƙarin da ake ji, har zuwa shekara 5, magunguna da makamantansu ake ba wa, saboda shekarun da suke ɓatawa suna jiran izinin sayarwa. A Amurka ana kuma mayar maka da kwanakin da jinkirin ofis ya cinye.

Sannan ka duba irin takardar da ke hannunka: ta ƙananan ƙirƙire-ƙirƙire a Jamus da Sin shekara 10 ce. Kowace ƙasa da nata lissafin, biya a wata bai wadatar da wata ba. Kotu kuma na iya soke haƙƙin ko yaushe in aka tabbatar an riga ka.